Ƙarfe Uku na Wane Agogo?

Shafi na 19

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, na ji ku. Ga na yau.

* * *

Shekara goma sha ɗaya ke nan Yaya tana goge agoguna huɗun da ke jere a bangon otal ɗin, bayan kantar karɓar baƙi. Kowanne da sunan wani gari a ƙarƙashinsa, kowanne da lokacin da yake bi. Satinta na farko a aikin ta taɓa hawa kujera ta daidaita su duka da na hannunta, tana ganin ta yi abin a yaba mata. Saura ƙiris manaja ya sallame ta ranar.

Yau ma ta hau kujerar, sai dai layi take yi don gajiya. Kwana uku ke nan tana fama da haɗa kayan Inna, ta cire wannan, Inna ta mayar. Gobe da hantsi tsohuwar za ta shiga jirgin sama karo na farko a rayuwarta, ita da Ticha, ƙanin Yaya. Za su je ganin Auta, wadda aure ya kai ƙetaren teku shekara shida da suka wuce.

"Yaya, sauko don Allah kar ki faɗo mana a kan baƙi," in ji Rediyo, matar da ke zama a kantar. Ba don komai aka laƙaba mata sunan ba sai don ba a taɓa jin batirinta ya yi sanyi ba.

Yaya ta sauko tana dafa bango. Ta zaro wata takarda daga aljihun rigar aiki ta shimfiɗa a kan kanta. Kwafin tikiti ne, ta tsince shi da safe a aljihun jakar Ticha tana neman makullin akwati. Karatunta na makarantar manya ne, lambobi ba sa ba ta wuya, amma ƙananan rubutun nan sai ta nemi ido na biyu.

"Duba mini nan. Kilo nawa aka yarda mutum ya ɗauka? Inna ta cika akwati kamar mai ƙaura."

Rediyo ta jawo takardar. "Ashirin da uku, sau biyu. Kai! Wannan tsohuwa za ta sha zama. Ki nemo mata matashin wuya."

"Zaman awa biyar ɗin? Ai tana fin haka a tsakar gida tana sauraron takwararki."

"Awa biyar kuma? A ina?"

"Ga shi nan." Yaya ta ɗora yatsa. "Tashi ƙarfe goma na safe. Sauka ƙarfe uku na rana. Sau uku na ƙirga."

Rediyo ta fashe da dariya har tana buga kanta. Da ta ɗago ta ga fuskar Yaya, sai dariyar ta maƙale.

"Ɗaga kanki. Agogo na uku, na garin Autarku. Ƙarfe nawa ya ce?"

"Biyu."

"Namu fa?"

"Takwas."

"To. Goman nan da ke takarda, gomanmu ce. Ukun nan kuma ukunsu ce. Ba agogo ɗaya ba ne, Yaya. Sanda nasu zai buga uku, namu ya buga tara na dare."

Yaya ta sa hannu a ƙarƙashin kanta inda ba a gani, ta fara lanƙwasa yatsu. Goma zuwa sha ɗaya, ɗaya. Zuwa sha biyu, biyu. Hannun dama ya ƙare. Ta koma na hagu, shi ma ya ƙare. Saura ɗaya ba ta da yatsan da za ta ba shi.

"Sha ɗaya," ta ce a hankali.

"In iska ta yi musu kirki ke nan. Kilomita dubu takwas da ɗoriya ne fa, kuma fiye da rabi ruwa ne zalla. Baƙinmu da ke zuwa daga can ba kya ganin yadda suke shigowa? Kamar an wanke su ba a shanya ba. Yaya? Lafiya?"

Ina fa lafiya!

Wata biyu da suka wuce jini ya daskare a jijiyar ƙafar Inna, gudan ya ɓalle ya haura huhu. Kwana tara suka yi a asibiti, Yaya tana kwana a ƙasa a kan kwali. Da maganar tafiya ta taso, Likita ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Awa biyar zan iya sa hannu a kai, da magani da safa mai matse ƙafa. Abin da ya haura haka, ku manta da shi. Zuciyar nan ba ta da sauran ƙarfin gardama."

Ticha ne ya amsa, ko ƙiftawa bai yi ba. "Awa biyar ne daidai, Likita."

Likita ba ta tambayi wane gari ba. Mutum sittin ke jiranta a waje. Cewa kawai ta yi su dawo ana gobe tafiya, ta sake duba Inna, sannan ta ba su takardar da kamfanin jirgi ya ce in babu ita tsohuwar ba za ta taka matakala ba.

Ana gobe tafiya yau ne. Ƙarfe huɗu na yamma.

Yaya ta ninke tikitin, ta ajiye tsumman goge-goge a kan kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"In shugaba ta tambaya, ki ce mata kaina ke ciwo."

"Ke da ko zazzaɓi bai taɓa hana ki zuwa ba? Wa zai yarda?"

"To ki ce mata abin da kika ga dama. Ai ba kya rasa abin faɗa."

* * *

A makarantar da Ticha ke koyarwa an fita tara. Ta same shi shi kaɗai a aji na ƙarshe, yana sauri ya gama duba takardun jarrabawa kafin tafiya. Fanka ɗaya ce a saman, tana juyawa kamar an roƙe ta.

"Yaya? Me ya faru? Inna ce?"

Ta wuce gaban allo, ta ɗauki guntun alli, ta miƙa masa.

"Yi mini lissafi."

"Wane irin lissafi kuma da ranar nan?"

"Ba kai ne malamin lissafi ba? Jirgi ya tashi ƙarfe goma. Ya sauka ƙarfe uku. Awa nawa ya yi a sama?"

Ya dubi allin, ya dubi takardar da ke leƙowa daga tafin hannunta. Bai karɓi allin ba.

"A ina kika samo wannan?"

"Na yi tambaya."

"Yaya, zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Awa nawa?"

Ya cire hularsa ya ajiye a kan takardun. Sai a lokacin ta lura yadda ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sha ɗaya," ya ce. "Da minti ashirin, in an haɗa da jiran tashi."

"Har da minti ashirin. Ashe ka san shi har da ɗoriyarsa."

"Na sani."

"Da ma cewa ka yi kuskure ne. Wallahi duk hanyar nan addu'ar da nake yi ke nan, in zo ka ce mini kai ma agogon ya ruɗe ka, in zage ka mu tafi gida."

"Shekara goma sha huɗu ina koya wa yara bambancin lokaci, Yaya. Ba zan ce miki ya ruɗe ni ba."

"Amma ka iya duban idon Likita ka ce biyar."

"Na iya."

Ta aje allin a hankali don kar ta jefe shi da shi.

"Kai ka kwana a kwali? Kai ka riƙe mata roba tana aman jini? Kai ka ji yadda numfashinta ke fita kamar ana jan buhu a ƙasa? Da safe kake zuwa da 'yar ledarka, ka ce sannu Inna, ka duba agogo ka tafi. Yanzu don Auta ta yi sabon gida tana so a zo a gani, sai ka ɗauki tsohuwa ka ɗaure ta a kujera wuni guda tsakanin sama da ruwa? In abin ya tashi a can fa? Ka ce wa direba akwai sauka?"

"Ba gida ba ne."

"Ko a raba tafiyar biyu mana. Su sauka a wani gari ta huta kwana biyu."

"Na duba. Duk hanyar da na bi, guntun da ya fi gajarta awa bakwai ne. Teku ne a tsakani, ba a gina tasha a kai ba."

"To a fasa. Auta ta zo da ƙafarta. Ita ce yarinya."

"Yaya, na ce miki ba gida ba ne."

Yadda ya faɗa ne ya sa ta ɗago ta dube shi. A waje yara na ta ihu a kan ƙwallo.

"Yaushe rabon da ki ga fuskar Auta a waya?" ya tambaya.

"Ta ce kyamararta ta lalace."

"Wata huɗu? A garin da ake sayar da waya a kowace kwana?"

Yaya ta nemi benci ta zauna. Bencin yara ne, gwiwoyinta suka tokare teburin.

"Faɗa mini."

"Ciwon daji ne. A hanta ya fara."

"Ya fara."

"Ya bazu. Kwana goma da suka wuce suka tsayar da magani. Mijinta ya ce likitocin can ba su ce watanni ba. Makonni suka ce."

Fankar ta ci gaba da juyawa. Yaya ta tsaya tana kallon wani suna da wani yaro ya sassaƙa a jikin teburin da ƙusa. Ta karanta shi harafi harafi, ta sake karantawa, bai shiga kanta ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata biyar."

"Wata biyar." Ta gyaɗa kai. "Muna cin abinci a kwano ɗaya. Kana ce mini gishiri ya yi yawa."

"Ita ta hana. Ta sa na rantse."

"Ni ta hana a gaya wa? Ni? Ranar da Baba ya rasu tana da wata bakwai. A bayana ta yi haƙori. Na bar aji huɗu don in goye ta Inna ta fita nema. Kai ma da kake tsaye kana mini lissafi, wa ya wanke maka kayan makaranta?"

"Ke ce."

"To me na yi mata?"

"Ba abin da kika yi. Cewa ta yi, Yaya ba ta iya ɓoye magana ba. Bakinta zai yi shiru, amma fuskarta sai ta kai rahoto. Inna na ganinki za ta gane, ga shi daga baya Inna ta kwanta."

Yaya ta so ta yi kuka, kukan bai zo ba. Gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda take ji in ta gama hawa na biyar aka ce ta koma ta fara daga na ɗaya.

"Sai ka zauna kai kaɗai ka yanke," ta ce. "A kashe uwa don 'ya ta gan ta."

"Kar ki faɗi haka."

"Me zan faɗa?"

"Kina ganin ban auna ba? Kullum sai na auna. Na je wurin likita biyu a ɓoye. Ɗaya ya ce hatsari ne babba. Ɗaya ya ce in ta sha magani, tana tashi tana taka ƙafa duk awa, mai yiwuwa ta kai lafiya."

"Mai yiwuwa."

"Shi nake da shi, Yaya. Mai yiwuwa. A ɗaya gefen kuma ko mai yiwuwar babu. Auta ba za ta iya hawa jirgi ba. Jiya mijinta ya kara mata waya a kunne, kalma uku ta iya haɗawa. Ka kawo Inna." Ya juya ya fuskanci allo. "In aka bugo aka ce ta tafi, sannan Inna ta ji muna da tikiti a hannu muka hana ta, kina ganin za ta ƙara wata guda? Ta nan ma rasa ta za mu yi. Sai dai mu rasa ta tana fushi da mu."

"Wa ya ba ka aikin ƙirga kwanakin mutane?"

"Ba wanda ya ba ni. Faɗo mini ya yi."

Aka buga ƙararrawa. Yara suka fara turo kai ta taga, suna ganin malaminsu ya ba su baya suka ja da baya.

Yaya ta miƙe da ƙyar.

"Ƙarfe huɗu zan gaya wa Likita gaskiya."

"Yaya..."

"In ta ji sha ɗaya ta sa hannu, shi ke nan. In ta ƙi, ta ƙi. Ni ba zan ɗauki ran Inna a kaina ba."

"Kin san ba za ta sa ba."

"Na sani."

* * *

Sun tarar da Inna ta shirya tun ƙarfe biyu. Tana zaune a kan akwatin da ya ƙi rufuwa, ta sa safar nan mai matse ƙafa, tana harararta.

"Wannan abu ko maƙiyinka ba ka sa masa ba. Babba, ya na gan ki da wuri? An kore ki ne?"

"Ba a kore ni ba, Inna."

Yaya ta sunkuya tana gyara mata takalmi don kar su haɗa ido. Inna ta dubi tsakar kanta.

Ticha ya aro motar abokin aikinsa. Inna a baya ita da Yaya. Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi ta tare hanya. Zafi ya cika motar.

Inna ce ta fara magana.

"Malamin makaranta."

"Na'am, Inna."

"Kashe injin nan, kana ƙona wa mutane mai a banza."

Ya kashe.

"Kun yi faɗa."

"Ba mu yi ba," suka ce tare.

"To madalla. Tun kuna yara in kuka haɗa baki, ƙarya ce." Ta gyara zaman mayafinta. "Babba, dube ni."

Yaya ta dube ta. Daƙiƙa biyu ta iya.

"Ya gaya miki ke nan," in ji Inna.

Ticha ya juyo da sauri har gwiwar hannunsa ta danna hon.

"Inna, me..."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Ni na haifi yarinyar nan. Saƙon muryar da take turo mini, da can sai na gaji da saurare, tana zuba kamar famfo. Yanzu magana huɗu, sai ta yanke. Ta sake turo wani, magana huɗu. Kuna tsammani ban san mai neman numfashi ba? Ni da na yi kwana tara ina nemansa?"

Ticha ya mayar da idonsa kan titi.

"Ban san sunan ciwon ba, kuma kar ku gaya mini. In na je na gani."

"Inna," Yaya ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "tafiyar ba awa biyar ba ce."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ranar da Auta ta tafi ba mu muka raka ta ba? Da hantsi jirginsu ya tashi, ina kallonsa har ya zama kamar ƙuda. Na dawo gida na yi azahar, ba ta kira ba. Na yi la'asar. Na yi magariba. Sai da na sallame isha'i na zauna a kan darduma, sannan waya ta yi ƙara, ta ce Inna mun sauka, har yanzu da rana a nan. Ni ban yi boko ba, amma na iya ƙirga salla. Salla huɗu ba ta shiga cikin awa biyar."

Ticha ya kifa goshi a kan sitiyari.

"Da wannan ya ce wa Likita biyar, na dube shi na ce a raina, Allah sarki, ashe ɗana ya iya ƙarya. Ban taɓa jin daɗin ƙarya ba sai ranar."

"Inna, in jinin ya sake daskarewa a sama fa? Babu asibiti. Babu inda za a tsaya."

"To a ƙasa da ya daskare, a jirgi nake? A kan gadona nake, ina jin labarai."

"Ba ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne, na yarda." Inna ta kamo hannunta ta ɗora a cinyarta. Tafin tsohuwar a bushe yake, da sanyi duk da zafin motar. "Babba, shekarata saba'in da shida. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, duk ina riƙe da hannunsu. Wannan kaɗai ce za ta tafi a cikin baƙi, ba mai ce mata sannu da harshen da ta sha nono da shi. Ga 'yarta 'yar shekara huɗu da ban taɓa ɗauka ba. Ki bar ni in je."

"Ba ni ke hana ki ba. Likita ce."

"Likita ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Kuma ke take ji. Wannan ko ya rantse ba ta cika yarda da shi ba, ta ce yana da bakin 'yan kasuwa. Ke za ta tambaya."

"Kina so in yi ƙarya ke nan."

"Ban taɓa sa ki ba tunda na haife ki."

"To yau fa?"

Inna ta juya tana kallon taga. An samu masu tura babbar motar, hanya ta fara buɗewa.

"Yau ina roƙo ne," ta ce. "Malamin makaranta, tayar da mota."

* * *

Sai biyar saura aka kira su. Ɗakin Likita na nan yadda yake, labule mai ruwan toka, gadon gwaji da ledarsa ta tsage a gefe, tulin fayil har ƙasa. Ita kanta Likitar idonta ya faɗa, da alama ko ruwa ba ta sha ba tun safe.

"Mama, an ƙi zama dai. Sai an je an ga Auta."

"Sai an je, 'yata."

Ta auna jini. Ta sa abin sauraro a ƙirji, ta sa a baya, ta ce a ja numfashi, a sake. Ta danna ƙafar da yatsa tana kallon yadda wurin ke dawowa. Ta daɗe a kan ƙafar hagu fiye da yadda Yaya ta so.

"Ba laifi," ta ce daga ƙarshe. "Ba kuma daɗi. Kina shan maganin?"

"Babba ba ta bari in tsallake ko ɗaya. Ta fi soja."

"Shi ya sa nake son ta."

Likita ta koma kujera, ta jawo takardar kamfanin jirgi daga cikin fayil. Ta cike suna, ta cike shekaru, ta cike magunguna. Ta zo wani layi ta tsaya.

"Ina tikitin?"

"Na baro shi a gida, Likita," in ji Ticha. "Sauri ya sa."

Tikitin na cikin jakar Yaya, a ninke huɗu. Ji take kamar garwashi ta ɗora a cinya.

Likita ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da shi ma yake yi wa mai cewa akuya ta cinye aikin gida. Sannan ta juyo.

"Yaya."

"Na'am."

"Ke kika kwana da ita a nan. Ke kika ga abin da muka gani a daren farko, ba sai na tuna miki ba. In na sa hannu a wannan takarda, da sunana za ta hau. Kin ga tikitin da idonki?"

"Na gani."

"Awa nawa ne tafiyar?"

Ticha ya ƙura wa ƙasa ido. Inna ba ta juyo ba, tana ta kallon labule kamar ba da ita ake ba, amma a ƙarƙashin mayafi yatsunta sun zagaye wuyan hannun Yaya sun riƙe.

Yaya ta dubi Likita.

"A takarda," ta ce, "tashi ƙarfe goma ne. Sauka ƙarfe uku."

Bakin biron ya sauka a kan layin sa hannu. Ya tsaya a nan.

Likita ta ɗago ta dubi fuskarta. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta mayar wa biron murfinsa, ta ajiye shi a kan takardar.

"Ba takarda na tambaya ba, Yaya. Ke na tambaya."